Antonio de Torres (1817–1892): Kafintan da Ya Ba Jita Muryarta

Gabatarwa

A gidan tarihin kayan kiɗa na birnin Barcelona, a ƙasar Sifaniya, akwai wata jita da aka ƙera a shekarar 1862. Wanda ya hango ta daga nesa ba zai ga abin da ya raba ta da sauran 'yan'uwanta da ke wurin ba, domin tsirkiyoyinta shida ne, wuyanta dogo, ƙugunta a lanƙwashe kamar na kowace jita. Sai an matso kusa ake lura da cewa a gangar jikinta fuskar ce kaɗai aka yi da katako. Bayanta da gefunanta na kwali ne. Ba rashin katako ne ya kai maƙerinta ga haka ba. Abin da masana tarihin jita suka fahimta shi ne hujja ya so kafawa, cewa muryar jita daga fuskarta take fitowa, sauran jikin kuwa akwati ne mai riƙe iska.

Wannan hujja ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san kayan kiɗan Hausa. Kuntigin da Ɗanmaraya Jos ya yi suna da shi gwangwani ne aka rufe da fata, kuma fatar ce ke karɓar girgizar tsirkiya ta mayar da ita sauti. Haka abin yake ga gurmi da garaya da molo. Bambancin jita shi ne a wurin da waɗannan ke da fata ita tana da siririn falanki, kuma dole falankin ya yi aikin fata alhali shi katako ne, wato ya yi laushin da zai girgiza, ya kuma yi ƙarfin da zai jure jan tsirkiyoyi na shekaru. Mutumin da ya warware wannan matsala ta hanyar da duniya ta bi har yau shi ne Antonio de Torres Jurado, kafinta daga kudancin Sifaniya, wanda ya rayu cikin ƙunci ya kuma mutu da bashi a kansa.

Ƙuruciya da kafintanci

An haifi Torres ranar 13 ga Yuni, 1817, a ƙauyen La Cañada de San Urbano, kusa da birnin Almería da ke gaɓar Bahar Rum, a yankin da littattafan tarihin Musulunci ke kira Andalus. Mahaifinsa, Juan Torres, mai karɓar haraji ne. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka sa shi koyon kafintanci, kuma a garin Vera, arewa maso gabas da Almería, ya yi ƙuruciyarsa ta sana'a.

A shekarar 1833 Sarki Fernando na Bakwai ya mutu, rikicin gadon sarauta ya ɓarke tsakanin magoya bayan 'yarsa Isabel da na ƙanensa Carlos, yaƙin ya kuma ci shekara bakwai. Aka ɗauki Torres soja. Mahaifinsa ya yi ta faɗi-tashi har aka sallame shi bisa dalilin rashin lafiya. Tun da doka ta fi matsa wa marasa aure, sai aka gaggauta yi masa aure a shekarar 1835 da Juana María López, 'yar wani mai kanti, wadda shekarunta goma sha uku ne a lokacin. Auren bai zo da sauƙi ba. Sun haifi 'ya'ya mata uku, biyu suka rasu suna ƙanana, sannan a 1845 tarin fuka ya kashe Juana María tana da shekara ashirin da uku. Torres bai cika talatin ba ya binne mata da 'ya'ya biyu.

Ana danganta koyon ƙirar jitarsa da José Pernas, wani maƙerin jita na birnin Granada, a farkon shekarun 1840. Ko ma yaya aka yi, abin da aikinsa na baya ya nuna shi ne hannun kafinta ne ya shigo da shi sana'ar, hannun da ya saba da rarrabe busasshen katako da ɗanye, ya kuma san yadda itace ke motsi idan yanayi ya sauya. Bayan rasuwar matarsa ya bar yankinsu ya nufi Sevilla, birnin da Larabawa ke kira Ishbiliya.

Sevilla da haɗuwa da Arcas

Jitar da Torres ya tarar a zamaninsa ƙarama ce, mai siririn jiki da ƙaramar murya. Ta yi tashe a manyan gidajen Faransa da Ingila a zamanin Fernando Sor da Dionisio Aguado, amma zuwa tsakiyar ƙarni na goma sha tara fiyano ta danne ta. Zaurukan kiɗa sun ƙara girma, jita kuwa ba ta iya cika su. A Sifaniya kanta masu ilimin kiɗa sun fara ɗaukarta a matsayin kayan mashaya da na masu aski.

A Sevilla, cikin shekarun 1850, Torres ya haɗu da Julián Arcas, matashin makaɗi ɗan lardin Almería kamarsa, wanda aka haifa a 1832. Arcas ne ya ba shi shawarar ya mai da ƙirar jita sana'arsa ta dindindin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: makaɗin ya san abin da yake nema a zauren da mutum ɗari ke saurare, kafintan kuma ya san inda zai taɓa katako don a samu. Torres ya buɗe shago a titin Cerrajería, kuma daga wajajen 1852 zuwa 1869 ya yi aikin da masana ke kira zangonsa na farko.

A 1856 ya ƙera jitar da aka laƙaba wa La Leona, wato zakanya. Bayanta da gefunanta na itacen ciprés ne, itace mai araha da ake samu a yankin, kuma a bakin ramin fuskarta, ta ciki, ya dasa wani bututun tagulla mai siffar mazurari, wanda Sifaniyawa ke kira tornavoz, domin ya zurfafa amon manyan tsirkiyoyi. Arcas ya yi kiɗa da ita, amma Torres bai sayar da ita ba har ya mutu. Bayan shekara biyu, a 1858, ya kai wata jita mai ado sosai bikin baje koli na Sevilla, aka ba shi lambar tagulla. Tagulla ce ba zinariya ba, sai dai ta isa ta fitar da sunansa daga cikin jerin kafintoci.

Abin da ya sauya a jikin jita

Zai zama kuskure a ce Torres ne ya ƙirƙiro kowane ɓangare na jitarsa. Tun a ƙarni na goma sha takwas maƙera irin su Francisco Sanguino na Sevilla da zuriyar Pagés ta Cádiz suna manna siraran sanduna a ƙarƙashin fuskar jita, a baje kamar haƙarƙarin mafici. Abin da Torres ya yi shi ne ya tattara dabarun da ke warwatse, ya auna kowace da 'yar'uwarta, har suka zama abu guda mai aiki tare.

Da farko ya faɗaɗa jikin, musamman ɓangaren ƙasa inda jaki yake zaune, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa. Faɗaɗa fuska na ƙara murya, amma yana ƙara nauyi, nauyi kuma na kashe girgiza. Don haka sai ya kankare fuskar ta yi siriri ƙwarai, kusan milimita biyu da rabi a tsakiya, tana ƙara sirancewa zuwa gefe. Falanki mai wannan kauri ba zai iya jure jan tsirkiyoyi shi kaɗai ba. A nan ne sandunan mafici suka shigo: a manyan jitocinsa yakan sa guda bakwai, a baje daga wajen ramin zuwa ƙasa, da wasu biyu a karkace suna rufe ƙarshensu, a ƙananan kuma guda biyar. Sannan ya ɗan kumbura fuskar ta yi doro kaɗan, kamar yadda magina ke yi wa rufin soro, domin abu mai doro ya fi shimfiɗaɗɗe jure nauyi ba tare da an ƙara masa kauri ba. Ya matsar da jakin zuwa tsakiyar faffaɗan wurin, inda girgiza ta fi yaɗuwa. Tsawon tsirkiya kuma, daga jaki zuwa kai, ya fi tsayar da shi a milimita 650, ma'aunin da har yau shi ne mizanin jitar gargajiya ta Sifaniya a ko'ina a duniya.

Sakamakon haka jita ce babba amma marar nauyi, da yawansu ba su wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Masu kiɗa da suka taɓa su sukan ambaci zurfin amon manyan tsirkiyoyi, da yadda sautin ke fitowa da zarar yatsa ya taɓa, ba tare da an tilasta shi ba.

Akwai wani abu game da katakonsa da ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana karya wani zato da ya yaɗu a tsakanin masu sayen tsofaffin jitoci. Fuskar yakan yi ta da pinabete, itacen ƙasashen sanyi mai tsayayyun jijiyoyi, wanda ba ya tsiro a busasshiyar ƙasar Almería, sai an shigo da shi. Wuya kuma da cedro, wanda dangin maɗaci ne. Baya da gefuna, ga mai kuɗi, da palosanto na Kudancin Amurka ko arce. Ga talaka da ciprés. Amma Torres bai cika samun zaɓaɓɓen katako ba. An samu jitocinsa da fuskarsu ta ƙunshi falanki uku ko huɗu da ba su dace da juna ba, wasu da kulli a jiki, wasu da alamar ramin ƙusa da aka toshe, shaidar cewa daga tsofaffin kayan ɗaki aka ciro su. Maƙerin zamani zai jefar da irin wannan katako. Shi kuwa ya fi damuwa da bushewarsa da yadda yake lanƙwasa a hannu, ba da kyan ganinsa ba. Jitocin ciprés masu araha da ya yi wa talakawa su ne suka zama samfurin jitar kiɗan flamenco.

Yaron da ya zo saye

A shekarar 1869 wani saurayi ɗan shekara goma sha bakwai, Francisco Tárrega, ya zo Sevilla tare da wani attajiri mai ɗaukar nauyinsa, domin neman jita irin ta Arcas. Almajirinsa Emilio Pujol, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya ruwaito cewa Torres ya fara miƙa masa jita ta gama-gari, amma da ya ji yadda yaron ke kiɗa sai ya shiga ciki ya ɗauko wata da ya ƙera a 1864 ya ajiye wa kansa, mai baya da gefuna na arce. Da ita Tárrega ya tafi.

Wannan ciniki ya fi lambar tagullar 1858 tasiri. Tárrega ya gina salon kiɗansa a kan abin da jitar Torres ke iya yi: dogon amo da ke barin waƙa ta gudana a kan tsirkiya ɗaya, da bambancin launin sauti tsakanin wannan wuri da wancan a wuya. Daga gare shi aka samu Capricho árabe da Recuerdos de la Alhambra, waɗanda duk mai koyon jitar gargajiya ke bi ta kansu. Ko wanda bai taɓa jin sunansa ba ya san wani yanki na aikinsa, domin sautin kiran wayar Nokia da ya cika kasuwanni da tashoshin mota daga kiɗansa mai suna Gran Vals aka tsakuro shi. Tárrega ya ƙara mallakar jitocin Torres biyu, ta 1883 da ta 1888.

Kantin tangaran

Suna bai ciyar da Torres ba. Tattalin arzikin Sifaniya ya shiga mawuyacin hali daga 1866, a 1868 kuma juyin juya hali ya kori Sarauniya Isabel ta Biyu daga karaga. A wannan shekarar Torres ya auri Josefa Martín Rosada. Masu sayen jita mai tsada suka yi ƙaranci, sai a wajajen 1870 ya rufe shagonsa na Sevilla, ya koma Almería, ya buɗe kantin tangaran da kayan gilashi a titin Real. Mutumin da ya ƙera La Leona ya shafe kusan shekara biyar yana sayar da faranti da kofuna. Arcas ma a wannan tsakanin ya ajiye yawon kiɗa ya gwada kasuwanci a Almería, kafin daga baya ya koma fage.

Wajajen 1875 Torres ya dawo ga ƙira, da farko a gefen harkar kanti. Shi da kansa ya rubuta a 'yar takardar da yake mannawa a cikin jita cewa wannan zango na biyu ne, ya kuma fara ba kowace lamba, abin da bai yi ba a Sevilla. Lambobin sun kai 155. Arcas ya rasu a 1882, Josefa ta bi shi a 1883, ta bar wa Torres 'ya'ya da zai ciyar yana ɗan shekara sittin da shida. Daga nan ya duƙufa, yana fitar da kimanin jita goma sha biyu a shekara. Da yawa daga cikin na wannan zango ba su da ado, na masu ƙaramin ƙarfi ne, ko da yake a ciki akwai masu tsirkiya goma sha ɗaya da ya yi wa makaɗan da suka nema.

A shekarunsa na ƙarshe, a ƙauyen da aka haife shi, hannunsa ya soma rawa. Aikin da ke bukatar a manna sandar da ba ta kai kaurin ƙaramin yatsa ba a daidai wurinta ya fara gagararsa. Wani matashin limamin cocin ƙauyen, Juan Martínez Sirvent, ya riƙa zuwa yana taimaka masa da ayyuka masu laushi. Daga wasiƙar da wannan limami ya rubuta a 1931 aka samu kusan duk abin da aka sani game da yadda Torres ke kallon sana'arsa. Ya ba da labarin wani zaman cin abinci inda aka roƙi tsohon da kada ya tafi kabari da sirrinsa. Amsar da ya bayar ita ce ba shi da wani sirri da zai iya bar wa kowa, domin abin yana tsakanin babban yatsansa da manuni ne, su ke gaya masa ko fuskar jita ta kai inda ya kamata a tsaya da kankara. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin rowar ilimi. Ya fi kama da gaskiya tsagwaronta, tun da falanki biyu daga itace ɗaya ba sa zuwa da ƙarfi ɗaya, kuma ma'aunin da ya dace da wannan zai iya ɓata wancan.

Torres ya rasu a Almería ranar 19 ga Nuwamba, 1892, yana da shekara saba'in da biyar.

Jitocin bayan mai su

José Luis Romanillos, maƙerin jita da ya wallafa littafi a kan rayuwar Torres da aikinsa a 1987, ya ƙiyasta cewa duk abin da ya ƙera ya kai kimanin 320. Waɗanda aka gano inda suke ba su kai rabin haka ba. Shi ne kuma ya tsara lambobin da ake kiran na zangon farko da su a yau, inda La Leona take FE 04, ta kwali FE 14, ta Tárrega ta 1864 kuma FE 17.

Dalilin ɓacewar da yawa yana cikin ƙirar kanta. Sirancin da ya ba su murya shi ne rauninsu. Katako na shan laimar iska ya kumbura, ya kuma tsuke idan iska ta bushe, amma a faɗinsa yake wannan motsi, ba a tsawonsa ba. Sandunan da aka manna a gicciye a ƙarƙashin fuska ba sa tsukewa tare da ita, don haka idan bushewa ta yi yawa fuskar ba ta da mafita sai ta tsage. Shi ya sa masu adana irin waɗannan kaya ke tsare laimar ɗaki tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Duk wanda ya ga yadda hunturu ke buɗe bakin ƙofofin katako a Kano ko Damagaram, lokacin da laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20, zai gane abin da dare ɗaya na irin wannan iska zai yi wa falanki mai kaurin milimita biyu. Laima mai yawa ita ma ɓarna ce, domin tana sassauta gam, tana kumbura fuska, tana gayyato ƙwarin katako.

Sai batun tsirkiya. Torres ya yi jitocinsa ne don tsirkiyoyin hanjin tumaki, manyan ukun kuma na zaren siliki da aka naɗe da siririyar waya. Tsirkiyar nailan ba ta shigo ba sai a ƙarshen shekarun 1940, ta hannun Albert Augustine a New York tare da ƙarfafawar Andrés Segovia. Cikakken saitin tsirkiyoyin jitar gargajiya na jan jaki da nauyin da ya kai kimanin kilo arba'in, dare da rana. Na ƙarfe kuwa kusan ninki biyu suke ja, kuma sun isa su ɓalle jakin ko su karya fuskar. Saboda haka masu kiɗa da tsofaffin jitoci kan zaɓi tsirkiyoyi marasa ƙarfin ja, wasu kuma su saita su ƙasa da mizanin zamani.

Tarihin FE 17 ya nuna abin da kiɗa na gaske ke yi wa irin wannan jita. Tárrega ya yi kusan shekara ashirin yana kiɗa da ita kullum, yana yawo da ita gari gari, har ta gaji ta kasa. A 1897 Enrique García, maƙeri a Barcelona, ya gyara ta. Bayan rasuwar Tárrega a 1909 ta ƙetare teku zuwa Buenos Aires a Ajantina, ta shiga hannun makaɗiya María Luisa Anido, sannan a 2007 aka yi gwanjonta a kamfanin Christie's a New York. Kowane zango ya bar mata tabo, kuma kowane gyara ya ɗauki wani abu na Torres ya sa na wani a gurbinsa.

A nan ne masu mallaka da masu gyara suka rabu. Gyaran da aka yi wa tsofaffin jitoci da yawa a ƙarni na ashirin ya fi tsagewar illa: an goge fuskoki da takardar yashi don su yi sheƙi, alhali kaurin da aka cire shi ne ainihin abin da yatsun maƙerin suka auna; an shafe su da man sheƙi mai kauri; an manna tsaga da gam na zamani wanda ba ya sakuwa. Torres ya yi aiki da gam ɗin da ake dafawa daga fata da ƙashin dabbobi, wanda ɗan zafi da laima ke sassautawa, ta yadda mai gyara zai iya buɗe jita ya rufe ba tare da ya fasa ta ba. Ƙa'idar masu gyara na ƙwarai a yau ita ce kada a yi abin da na gaba ba zai iya warwarewa ba, kuma kada a cire katakon asali matuƙar akwai hanyar barinsa. Ƙa'ida ce mai kyau, sai dai ba ta amsa babbar tambayar ba. Gidan tarihi na iya tsare jita shekara ɗari a bayan gilashi, amma abin da ya sa aka damu da ita sauti ne, sauti kuma ba ya samuwa sai an ɗaure tsirkiya an ja. Makaɗa irin su Stefano Grondona na Italiya da Wulfin Lieske na Jamus sun ɗauki hanyar tsakiya, inda suka naɗi faya-fayai da jitocin Torres na asali, har da La Leona, domin a ji su ba tare da an dawo da su wahalar yawon yau da kullum ba.

Wata matsalar ita ce jabu. Da yake Torres bai sa wa na zangon farko lamba ba, kuma 'yar takardar suna abu ce da ake iya ɓamɓarewa a manna a wani wuri, jitoci da yawa sun yi yawo da sunansa ba tare da ya taɓa su ba. Masu tantancewa ba sa dogara da takardar. Sukan leƙa ciki da madubi da fitila su duba yadda aka sassaƙa sandunan, da sawun kayan aiki, da siffar kai, da tsarin adon da ke kewaye da ramin.

Zuriyar aikinsa ta bi ta hannun waɗanda suka buɗe jitocinsa suka auna. Manuel Ramírez a Madrid ya ɗauki tsarinsa, daga shagonsa kuma aka samu jitar 1912 da Segovia ya fara yawon duniya da ita. Miguel Llobet, almajirin Tárrega, ya riƙe wata Torres ta 1859 mai tornavoz tsawon rayuwarsa ta kiɗa, kuma a lokacin ziyarce-ziyarcensa a Jamus Hermann Hauser na Munich ya samu damar nazarinta. Hauser ya haɗa abin da ya gani a jikinta da abin da ya gani a jikin ta Ramírez, ya ƙera wa Segovia jitar 1937, wadda ita ma ta zama abin kwaikwayon maƙera daga Turai har Japan. Jitocin Segovia biyun suna gidan tarihi na Metropolitan a New York. Ta Llobet tana Barcelona, a gida ɗaya da ta kwalin. Birnin Almería kuwa, inda Torres ya sayar da faranti, ya buɗe gidan tarihin jita da sunansa a shekarar 2013.